Shekarun taya a jikinta suke: mu karanta kafin mu biya

Babu manomin da zai sayi san noma a kasuwa bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba. Dillali yana iya rantsewa cewa bijimin yaro ne, amma mai saye ba ya aiki da rantsuwa, haƙora yake dubawa. Abin mamaki, wannan mutum mai wayo, in ya je sayen tayar motarsa ko ta babur ɗinsa, sai ya buga ta da ƙafa, ya shafa ta da hannu, ya ga baƙinta yana sheƙi, ya ƙirga kuɗi ya biya. Alhali kuwa taya tana ɗauke da shekarunta a rubuce a gefenta. Akwai nauyin da take iya ɗauka, akwai iskar da take iya jurewa, har da irin ƙasar da aka ƙera ta dominta. Masana'anta ta rubuta komi, ba ta ɓoye ba. Mu ne ba mu karantawa.

Ra'ayina shi ne, bai kamata kowa ya ƙara biyan kuɗin taya ba sai ya karanta wannan rubutu da idonsa. Wani zai ce me ya kawo zancen taya cikin shafin lafiya da noma? Amsa ba ta da nisa. Albasar Galmi bisa taya take zuwa Yamai. Wake da gero da gujiya bisa taya suke barin ƙauye zuwa Maraɗi da Damagaram. Mace mai naƙuda, in haihuwa ta yi gardama, bisa taya ake kai ta babbar asibiti. Rahoton Ƙungiyar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1,190,000 ke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Sanadin haɗari yana da yawa: gudu, barci, ramuka, dabba bisa kwalta. Amma taya ita ce abin da ake iya dubawa tun mota tana tsaye a tasha.

Lambar haihuwa

Mu fara da abin da ya fi muhimmanci, kuma ya fi sauƙi. Ɗan'uwa mai karatu, ka durƙusa kusa da taya, ka bi gefenta da ido kusa da ƙarfen ƙafa. Za ka ga haruffa uku: DOT. Bayansu akwai wasu haruffa da lambobi a jere. Kada su dame ka. Ka tafi can ƙarshen jerin. Lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda sau da yawa suke cikin wani ɗan zobe mai tsawo, su ne ranar haihuwar taya.

Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara ce. In ka ga 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Shekara tana da mako 52, saboda haka mako na 23 ya faɗa farkon watan Yuni. In ka ga 0522, mako na 5 ne na 2022, wato ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. In ka ga 5014, Disamba ce ta 2014. Ƙanƙanin lissafi ne, wanda ya iya ƙirga canjinsa a kasuwa ya fi ƙarfinsa.

Abu biyu kan rikita mutane a nan. Na farko, a tayoyi da yawa gefe ɗaya kawai ake buga wannan lamba cikakkiya. In ba ka gan ta a waje ba, tana ciki, sai ka sa a juya maka tayar. Na biyu, tun daga shekarar 2000 ne aka fara rubuta lambobi huɗu. Kafin nan uku ake sawa. To, duk tayar da ka ga lambobinta uku ne, kamar 238, ta haura shekara 25 a duniya. Ta girmi karen motar da zai ɗaura ta. Wannan ba a ma cinikinta.

Me ya sa shekaru suka dame mu, tun da taya ba abinci ba ce balle ta ruɓe? Domin roba tana tsufa ko da ba a yi aiki da ita ba. Iska da rana da zafi suna busar da ita sannu a hankali, kamar yadda fata ke bushewa in an bar ta ba mai. Cikin taya kuma akwai zare da wayoyin ƙarfe da aka manne da roba. In robar ta bushe, mannin ya yi rauni. Daga waje ba a ganin komi, zane yana nan da zurfinsa. Ranar da mota ta ɗauko kaya ta yi nisa bisa kwalta mai zafi, sai bayan tayar ya ɓare kamar ɓawon ayaba, kan mota ya ƙwace ma direba. Kamfanin Michelin, wanda ke ƙera taya, yana ba da shawara cewa taya in ta yi shekara 5 tana aiki, a riƙa kai ta wurin gwani yana dubawa kowace shekara, in ta kai shekara 10 daga ranar ƙira kuma a cire ta, ko da zanenta bai cinye ba. Wasu kamfanonin mota ma shekara 6 suke cewa. Mu kuma a nan, a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Zafi yana gaggauta tsufan roba. Saboda haka a ganina shekara 10 ta yi mana yawa. Motar da ke ɗaukar mutane bai dace ta hau babbar hanya da tayar da ta wuce shekara 6 ba.

Kada a manta da tayar ajiya da ke rataye a baya ko bisa rufi. Ita ce ta fi kowace shan rana, kuma ita ce ba wanda ke tambayar shekarunta.

Lamba ɗaya ce, in ji mai sayarwa

Yanzu sai manyan lambobin da kowa ke gani daga nesa. Misali: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne da milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta, kuma kusan duk tayar ƙaramar mota ta yau haka take. Lamba 15 girman ƙarfen ƙafa ne da inci. Direbobi sun san wannan. Ko wanda bai yi karatu ba ya san motarsa 14 take sawa ko 15.

Inda ake cutuwa shi ne lambar da ke biye, wato 91. Mutane da yawa suna tsammani ado ce. Ba ado ba ce, ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya take iya ɗauka. Ba kilo ne kai tsaye ba, alama ce mai fassara. Lamba 82 tana nufin kilo 475. Lamba 88, kilo 560. Lamba 91, kilo 615. Lamba 95, kilo 690. Lamba 100, kilo 800. Lamba 106, kilo 950. Wanda bai riƙe waɗannan a ka ba, ya nemi wurin da aka rubuta MAX LOAD da ƙananan haruffa. A tayoyi da yawa ana rubuta nauyin ɓaro-ɓaro a nan, da kg a bayansa.

Ga yadda abin ke faruwa. Motocin fasinja irin Toyota Hiace da yawa suna aiki da taya mai wannan rubutu: 195 R15C 106/104. Harafin C yana nufin an ƙera ta domin motar kasuwanci, gefenta ya fi kauri. Wasu ana sa masu LT maimakon C, manufar kusan ɗaya ce. Lamba 106 ita ce ƙarfinta in tana ita kaɗai, 104 kuma in an haɗa ta biyu-biyu. To, ka lura. Wannan taya tana da 195, tana da 15. Waccan ta ƙaramar mota ma tana da 195, tana da 15. Dukansu suna iya hawa ƙarfe mai inci 15. Mai sayarwa sai ya ce: «Lamba ɗaya ce, maigida, wannan ta fi araha.» Direba ya yi murna.

Mu yi lissafi tare. Taya huɗu masu lamba 106 suna ɗaukar kilo 3,800. Taya huɗu masu lamba 91 suna ɗaukar kilo 2,460. Bambanci kilo 1,340 ne, ya fi nauyin buhu 13 na gero masu kilo ɗari-ɗari. Kuma nauyin motar kanta yana cikin wannan lissafi. Mu ɗauka motar ba kowa ciki ta kai kilo 1,800. An zuba mata mutum 19, kowane mu ce kilo 65, ya zama kilo 1,235. Jimla 3,035. Tun ba a ɗora ko ƙulli ɗaya bisa rufi ba, an wuce ƙarfin waɗancan tayoyi masu araha da fiye da rabin tan. Masu lamba 106 ɗin ma, in aka ɗora buhu 8 bisa rufi, an kai su bango. Kuma kaya ba ya rabuwa daidai, tayoyin baya sun fi na gaba shan wuya. Duk wanda ya taɓa ganin motar ranar kasuwa, da buhuna da awaki da mutane bisa, ya san inda ake.

Harafin ƙarshe na gudu ne. R a wannan wuri kilomita 170 ne cikin awa, T 190, H 210. Ba zan daɗe a kansa ba, domin hanyoyinmu ba su kai nan ba. Kada dai wani ya ɗauka izini ne aka ba shi.

Akwai wata alama da ya kamata idon mai saye ya saba da ita. Hoton dutse ne mai kai uku, da wata ƴar fure mai rassa shida a cikinsa. Furen ƙanƙara ne. Mafi yawan tayoyin ƙananan motoci masu wannan alama, musamman in an rubuta WINTER, an ƙera su ne domin sanyin Turai. Robarsu tana da laushi don ta kama hanya lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Turawa sukan cire su tun zanen yana da sauran zurfi. A Ostiriya, misali, tayar sanyi in zurfin zanenta ya gaza milimita 4, doka ba ta ƙara lissafa ta tayar sanyi. Shi ya sa suke iso mana da kyan gani, zane raɗau, mai saye ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Amma bisa kwaltarmu mai zafi wannan roba tana cinyewa da sauri, kuma birki ba ya kama ta yadda ya kamata. Haruffan M+S kuwa, ma'anarsu laka da ƙanƙara. Su kaɗai ba aibi ba ne, tayoyin motocin daji da yawa suna da su. A wasu tayoyin kuma za ka ga an rubuta TEMPERATURE, da A ko B ko C a gabanta. Wannan jure zafi ne. A ta fi B, B ta fi C. Mu mutanen A ne, in ba a samu ba a ɗauki B.

Kada a ce wannan tsoro ne na marubuci. A watan Agusta na shekarar 2000, a Amurka, kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6 da rabi daga hannun jama'a, galibi waɗanda ke ƙarƙashin motar Ford Explorer. Bayan tayoyin yana ɓarewa ana cikin gudu, mota ta kife. Fiye da mutum 200 suka rasu. Abin ya fi tsanani a jihohin kudu masu zafi, kuma tun 1999 aka fara canza irin waɗannan tayoyi a Saudiyya. Ta yaya mai mota zai gane ko tasa tana ciki? Ta rubutun gefe: suna, da girma, da haruffan farko na bayan DOT, waɗanda ke nuna masana'antar da ta ƙera tayar. Waɗannan fa sababbin tayoyi ne, a ƙasa mai hanyoyi masu kyau. Ina ga tsohuwa, da ta ƙare aikinta a wata ƙasa, ta ƙetare teku, ta kwana cikin rana a bakin shago?

Zancen iska

A nan akwai wata al'ada da nake ganin lalle ne a bari. Wasu direbobi, in bazara ta yi, sai su rage ma taya iska. Hujjarsu ita ce zafi yana kumbura iska, kada taya ta fashe. Tunanin yana da kama da gaskiya, amma a juye yake. Taya maras isasshiyar iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta sau ashirin, ka taɓa wurin, za ka ji zafi. Haka gefen taya yake yi, sau dubbai tsakanin Madawa da Birnin Ƙwanni. Wannan zafin na ciki shi ke raba roba da zare. Ƙarancin iska da yawan kaya su ne manyan abokan fashewa. Kuma duk nauyin da muka lissafa a sama, taya ba ta ɗaukarsa sai da cikakkiyar iska.

A gefen taya akwai MAX PRESS da lamba a gabansa. Wannan iyaka ce, ba ita ce iskar da ake bugawa kullum ba. Iskar da ta dace da motarka tana rubuce bisa wata ƴar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai. Ƙananan motoci galibi tsakanin bar 2 da 2 da rabi suke. Tayoyi masu harafin C suna son fiye da haka in an yi lodi, irin waccan mai lamba 106 sai da bar 4 da rabi take ɗaukar cikakken nauyinta. Wasu ma'aunai da psi suke ƙirga, bar ɗaya ya yi kusan psi 14 da rabi. A auna iska da safe, kafin mota ta yi tafiya. In taya ta yi zafi ma'auni zai nuna ƙari, wannan ba laifi ba ne, kada a sace mata iska. Wanda kuma ya rage iska don ya ƙetare rairayi, ya yi daidai, amma da ya hau kwalta ya nemi mai famfo. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Na san abin da direba zai ce da ni. Zai ce: «Malam, ka faɗi gaskiya, amma sabuwar taya kuɗi ce, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, yara suna jiran cefane.» Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a hana tayar gwanjo gaba ɗaya. In an hana ta yau, motocin ƙauye da yawa za su tsaya, kuma manomi ne zai fara jin jiki. Abin da nake cewa shi ne, cikin tarin gwanjon ma akwai dama-dama. A tari ɗaya za ka samu ta 2021 kusa da ta 2011, kuma sau da yawa kuɗinsu bai bambanta sosai ba, domin da zane ake yi masu kuɗi, ba da shekaru ba. Wanda ya iya karanta lambobi huɗu shi zai tafi da mai sauran rai. Ga talaka ma karatun ya fi amfani. Mai kuɗi ya sayi sabuwa cikin leda, ko da yake shi ma ya duba, don akwai sabuwar da ta shekara biyar a shago.

Rubutu kuma ba ya faɗin komi. Ba zai gaya maka cewa tayar ta taɓa faɗawa rami ba. Wannan aikin ido ne da hannu. In akwai ƙullutu a gefe, zaren ciki ya tsinke, ba ta gyaruwa. In akwai ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya, robar ta bushe. Faci a tsakiyar zane, in gwani ya yi shi daga ciki, ana tafiya da shi. Faci a gefen taya ba a amince masa. A kafaɗar taya akwai haruffan TWI ko ɗan kusurwa uku. Ka bi saitinsu cikin kwarmin zane, za ka ji wani ɗan tudu. Tsayinsa milimita 1.6 ne. Ranar da zane ya cinye ya yi daidai da tudun nan, taya ta ƙare, kuma da damina za ta yi sulɓi bisa ruwa. Akwai masu ɗaukar wuƙa mai zafi su sake yanka zane bisa suɗaɗɗiyar taya. Manyan tayoyin kamyo da aka rubuta ma REGROOVABLE kaɗai aka yi domin haka. Ta ƙaramar mota ba ta da naman da za a yanka, wuƙar kusa da waya take bi. In kuma ka tarar an goge ko an kankare wurin lambar haihuwa, ka ajiye ta ka wuce. Ba a kankare abin alheri.

Tayar da ta sauka daga mota ba ta zama asara ba. Amalanken jaki yana tafiya da ita shekaru, tun da ba ya gudu. Masu takalma suna jiranta. Sai dai kada a jibge ta a tsakar gida da damina, domin ruwan da ke kwanciya a cikinta gidan sauro ne. A huda ta, ko a ajiye ta ƙarƙashin rumfa.

Saura wa zai fara. Ƙungiyoyin direbobi suna da iko a tasha, su ke tsara layi, su ke karɓar kuɗin lodi. Ba zai gagare su ba su sa mutum ɗaya ya zagaya mota kafin ta ɗauki fasinja, ya duba shekara, ya duba harafin C, ya duba ƙullutu. Minti biyu ya isa. Ƙungiyoyin manoma da ke hayar mota don kai albasa ko wake kasuwa su ma suna da baki, tun da su ke biya: su duba tayoyi kafin a ɗora buhun farko. Malaman yaƙi da jahilci kuma, ranar darasin lissafi, su mirgino tsohuwar taya cikin aji, a nemi DOT, a fitar da mako da shekara, a ninka nauyi sau huɗu. Masu babur su zo da nasu, don tayoyin babur da yawa suna ɗauke da wannan lamba. Fasinja ma, tun da yakan yi awa biyu zaune yana jiran mota ta cika, yana da lokacin da zai tashi ya durƙusa ya karanta. In ya ga 2011 ko ƙullutu a tayar baya, ya gaya ma shugaban tasha cikin ladabi, ya jira mota ta gaba.